Surukata tana cika min faranti, likita kuma ya ce in rage

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 39, ina da aure da 'ya'ya 3. Wata 7 da suka wuce na je asibiti saboda yawan ciwon kai da kasala. Aka auna ni aka ce jinina ya ɗan hau, sugana kuma yana bakin iyaka: bai kai ciwon suga ba tukuna, amma likita ya ce in ban kula ba can na nufa. Ya ɗora ni kan ƙwayar hawan jini guda ɗaya kullum, ya ce in rage nauyi. Na dage, daga kilo 88 na dawo 82. Allah kaɗai ya san wuyar da na sha.

To ga lokacin bukukuwa ya matso. Kowace shekara mukan kwashi yara mu tafi gidan su maigidana mu yi kwana 10. Surukata mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, amma ita a faranti take auna ƙauna. Da hannunta take zuba min, ta tsaya a kaina, in na ce na ƙoshi sai ta ce ko girkin nata ne bai yi min ba. Bara na bar rabin abinci, yini guda ba ta sake min fuska ba. Facalolina kuma suna tsokanata wai na zama 'yar gayu. Maigida ya ce kwana 10 ba za su kashe ni ba, kada in ja masa magana. Ban faɗa wa kowa a gidan maganar asibiti ba, don ba na son a riƙa yi min kallon mara lafiya.

Gaskiya kuma ba laifinsu kaɗai ba ne. Ni ma in na ga soye-soye da kayan zaƙi da lemo mai sanyi sai in ce ai biki ne. Da na karya doka sau ɗaya sai in saki jiki gaba ɗaya, in ce sai bayan biki. Bara sai da na yi wata 2 kafin in dawo hayyacina. Yanzu dabaru uku nake juyawa a raina: in ƙirƙiro dalili in ƙi zuwa, ko in riƙa yini da yunwa don in bar wa abincin dare wuri, ko in ci duk abin da aka ba ni, in na dawo in sha shayin rage ƙiba da wata ƙawata take sayarwa. Wanne ya fi?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikis salam ƙanwata. Kafin mu taɓa maganar faranti, bari in tsaya kan kilo 6 ɗin nan da kika ambata kamar a wucewa. In aka lissafa, kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinki kika sauke, kuma wannan adadi yana da tarihi. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka wanda ya bi mutum sama da 3,000 masu irin halinki, wato suga a bakin iyaka. Waɗanda aka ɗora kan burin sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara 3. Ke kin isa wurin da kanki, ga yara, ga hidimar gida. Saboda haka fargabarki tana da dalili, kina riƙe da abin da ya cancanci a tsare shi. Sai dai a cikin dabarun nan uku babu wadda zan ce ki ɗauka.

Shayin ƙawarki shi ne mafi sauƙin sallama. Da yawa daga irin wannan shayi abin da ke cikinsu mai sa gudawa ne ko mai sa fitsari. Ruwa suke kwashewa daga jiki, sikeli ya sauka kwana biyu, ki sha ruwa ya koma inda yake, kitse kuwa ko gezau. Ga mai shan ƙwayar hawan jini abin ya wuce asarar kuɗi, domin wasu magungunan hawan jinin su ma fitsari suke sawa, in an haɗa biyun sinadaran gishirin jiki suna iya rikicewa, su kuwa da su zuciya take daidaita bugunta. Ki gaishe min da ƙawarki, ki bar mata shayinta.

Yini da yunwa ya fi kama da hankali, shi ya sa ya fi ruɗi. Ki kwatanta kanki da ƙarfe 8 na dare. Tun safe ba ki sa komai a ciki ba sai ruwa, kin yi ta shige da fice, kin gaisa da baƙi har murya ta dishe, kai yana sarawa, sai ga tire an dire a gabanki yana tururi. Mai yunwa ba ya zaɓe. Hannu kai tsaye yake tafiya ga mai maiƙo da mai zaƙi, kuma loma tana bin loma ba hutu. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya iso ƙwaƙwalwa, ke kuwa kafin rabin wannan lokaci kin share farantin har Mama ta ƙara miki, tana murna. Jikin da sugansa ke bakin iyaka ya fi iya ji da abinci kaɗan-kaɗan a rarrabe a kan a juye masa na yini guda a zama ɗaya. Daga nan sai kwanciya da ciki a cike, sai ƙwarnafi ya hana ki barci, gari ya waye kina jin haushin kanki. Ki karya kumallo kullum, ƙanwata, kuma ki sa abin da ke riƙe ciki, kamar ƙwai ko wake ko nono marar suga.

Ƙin zuwa kuma tsadarsa ta fi ribarsa. Za ki sayi kwana 10 na kwanciyar hankali da ƙarya, ita kuwa ƙarya tana bukatar ƙanwarta baɗi. Yara za su rasa kakarsu, maigida zai riƙe abin a ransa, biki kuma ba zai daina zagayowa ba. Gara ki koyi zama a gaban tiren tun yanzu.

Bari mu auna girman abin da kike tsoro, don tsoro yakan kumbura abu. A 2000 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa sakamakon auna manya 195 kafin bukukuwan ƙarshen shekara da bayansu. Abin da suka ƙara a matsakaici bai kai rabin kilo ba, ƙasa ƙwarai da abin da mutane ke zato. Inda gizo ke saƙar shi ne, da aka sake auna su daga baya ba su sauke ɗan abin da suka ƙara ba, kuma masu ƙiba tun farko su suka fi ƙarawa da yawa. Wato biki ɗaya ba ya rusa mutum, amma ɗan abin da kowane biki ya bari yana taruwa shekara bisa shekara.

Ga wani lissafin da zai kwantar miki da hankali. Kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mace mai matsakaicin aiki kuma takan bukaci wajen 2,000 a yini. Kafin ki ƙara kilo ɗaya na kitse a zama ɗaya sai kin cinye abincin kusan kwana 4 a kan wanda kika saba. To me ya sa sikeli ke tsalle washegarin babban ci? Ruwa ne mafi yawa. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, sannan jiki yana ajiye rarar sitaci a hanta da tsoka, kowane giram tare da ruwa kusan giram 3, ga abincin da bai gama wucewa ba. In kin koma cin da kika saba, cikin 'yan kwanaki yake sauka da kansa.

Na kawo miki duk wannan ne don in iso ga jimla ɗaya a wasiƙarki, wadda na karanta sau uku: "sai bayan biki". Kin rubuta dogon bayani a kan surukarki, amma ki duba lissafin bara da kanki. Kwana 10 kika yi a gidanta, wata 2 kika yi kina neman hanyar komawa. Kwana 50 na ƙarshe a gidanki kika yi su, da tukunyarki, babu mai tsayawa a kanki da ludayi. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba. Albishir ne ma, domin yana nufin babban rabon matsalar yana hannunki. Dokar da kika kafa wa kanki ta yi tsauri har ta zama kamar ƙwai, da ta tsage sau ɗaya sai ki ce ta fashe. Wadda ta zubar da kofi ɗaya na ruwa ba ta tuntsurar da randar don haushi. Za mu dawo kan wannan. Yanzu mu je wurin Mama.

Ki tsaya a inda take tsaye ki kalli abin. Ta tashi tun duhun asuba, ta sha hayaƙi, ta ɗanɗana ta ƙara wannan ta rage wancan, tana tunanin matar ɗanta da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Wataƙila ita ba mai yawan furta ƙauna da baki ba ce, ludayi ne bakinta. Ta zuba, ta tsaya tana kallon fuskarki, sai ki ture rabin ba tare da wani bayani ba. Ga shi ta gan ki kin rame a kan yadda ta san ki. Me kike so ta zata? Ko girkinta ne ba ki so, ko kin fara raina gidan, ko ɗanta ba ya kula da ke. Duk amsar da za ta ba kanta ta fi gaskiyar muni. Sirrin da kike riƙewa don kada a yi miki kallon mara lafiya, shi ne ya sa ake miki kallon mai girman kai, kuma a ganina na biyun ya fi ciwo.

Shawarata ki faɗa mata, ita kaɗai, kuma tun kafin ku isa ko a daren da kuka sauka, ba a gaban tire ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba sai kin zayyana mata lambobin awo ba. Ki same ta a ɗakinta, ki durƙusa yadda kika saba, ki ce: "Mama, akwai maganar da nake so ki sani, ban faɗa wa kowa ba sai ke. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya hana ni yawan gishiri da maiƙo da zaƙi. Ni kuma kin san in na ga girkinki ba na iya riƙe kaina. Don Allah ke za ki riƙa tsawata min." Ki lura da abin da maganar ta ƙunsa. Kin ba ta sirri, wanda girmamawa ne. Kin yabi girkinta. Sannan kin ba ta aiki. Mace mai son ciyarwa tana neman hanyar kula da ke ne, in kin toshe mata wannan ba tare da kin buɗe mata wata ba dole ta ji zafi. Na ga irin waɗannan iyaye da yawa, da zarar sun ji kalmar likita sai su koma su ne 'yan sandan faranti, har ki ji suna faɗa wa mai miƙo lemo, "Kai, ɗauke, ba ta sha." Kuma a shekarunta da wuya a ce ba ta san wani na kusa da ita mai fama da hawan jini ba, in ma ba ita kanta ba ce.

In kunya ba za ta bar ki ki furta ba, ki ba maigida saƙon, ko yayarsa in kuna ɗasawa. Amma zuwa da kai ya fi aike.

A gaban abincin kuma akwai 'yan dabaru. Ki shiga kicin ki taya zubawa, mai riƙe da ludayi ita ke yanke wa farantinta hukunci. In ita ce za ta zuba, ki roƙi kaɗan da farko, ki cinye tas, sannan ki ce, "Mama, a ɗan ƙara min miyar nan." Ƙarin cokali biyu da kika nema da bakinki ya fi faranta mata rai a kan tulin da kika ci rabinsa kika bari. Ki yaba da takamaiman abu, ki tambaye ta yadda ta yi har naman ya yi laushi haka. In an matsa miki bayan kin ƙoshi, ki ce a rufe miki zuwa an jima, kuma ki tabbata an gan ki kin taɓa shi an jiman. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita ma fuskarki take nema fiye da farantin da aka suɗe.

Facaloli kuwa kada ki ɓata musu lokaci da hujja. Wadda ta ce kin zama 'yar gayu, ki yi dariya ki ce ai sai yanzu kuka gane. Tsokana in ba ta samu wurin zama ba takan wuce. Kada kuma ki riƙa kallon farantinsu kina lissafa musu maiƙo, domin babu abin da ke sa a tsani mai rage ci kamar wa'azi a bakin tire.

Maigida ya faɗi rabin gaskiya. Kwana 10 ba za su kashe ki ba. Abin da ya kasa gani shi ne wata 7 da kika yi kina gini, da wata 2 da bikin bara ya ci miki. Shi kuma tsoronsa a fili yake, ba ya son ya tsinci kansa tsakanin mahaifiyarsa da matarsa. To kada ki sa shi a tsakiya. Kada ki ce masa "ka goya min baya", wannan magana ce mai faɗi da namiji zai ji ta kamar gayyatar rigima. Ki roƙe shi ƙaramin abu mai iyaka: in Mama ta matsa, ya ce cikin raha, "Mama, ƙyale ta, likita ne ya sa mata doka, ni ki ƙara min." Shi kenan aikinsa. In da hali ki tafi da shi ganin likita kafin tafiyar, ya ji bayanin daga wani bakin da ba naki ba. Tunda ya shigo ɗakin awo, a ɗaura masa abin awon jinin shi ma. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, kuma masu cewa ba abin da zai kashe su sau da yawa ba su taɓa aunawa ba.

Yanzu ga ke da kanki da abin da ido ke gani. In kika ce in zaɓar miki abu ɗaya kaɗai da za ki riƙe a kwana 10 ɗin nan, lemo zan zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga babba, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo irin na kola mai mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35. Biyu kawai sun tsallake iyakar yini, ba a zo kan kek da alewa ba. Hukumar ta sa ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse a cikin wannan lissafi, don haka kwalin da aka zana wa hoton lemu a jiki ba mafaka ba ne. Abin da ya sa na fi tsoron abin sha shi ne ba ya ƙosarwa, yana shiga jini da sauri, kuma a lokacin biki kowane gida kika shiga shi ake fara miƙowa. Amma kuma shi ne mafi sauƙin kaucewa, don ba wanda ya sha hayaƙi ya dafa shi, ba wanda zai ji haushi. Ki ce a ba ki ruwa tukuna, ƙishirwa kike ji. Ki riƙe kofin ruwan a hannu, hannun da ke riƙe da kofi ba a cika cusa masa wani ba.

Na biyu gishiri, saboda jininki. Iyakar da hukumar ta sa ƙasa da giram 5 ne a yini, bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ke ɓoye a sinadarin ɗanɗano, da naman da aka sarrafa, da kayan ƙwalam na leda. Ba ki da iko da tukunyar wani gida, amma kina da iko da abin da kike barbaɗawa da abin da kike tsinta tsakanin abinci da abinci. Maiƙo kuma lissafinsa gajere ne: kowane giram kalori 9, sitaci da furotin 4 kowanne, cokalin cin abinci ɗaya na mai wajen 120. Shi ya sa soyayyen abu ɗan mitsitsi yake da nauyin da ido ba ya gani.

Zan tona wa kaina asiri a nan. Ni abincin da ake zama a ci bai taɓa kayar da ni ba. Abin da ke kayar da ni shi ne tsayuwa a kicin kusa da kwanon soyayyen nama, ana hira ana dariya, hannu yana zuwa yana dawowa. In aka tambaye ni da yamma sai in rantse ban ci komai ba. Maganin da na samu mai sauƙi ne: duk abin da zan ci sai na sa shi a faranti na zauna. In bai cancanci a zauna masa ba, bai cancanci a ci shi ba. Ki gwada, za ki yi mamakin yawan abin da zai faɗi da kansa.

Ban ce ki zauna kina haɗiyar yawu ba. Biki ne, kuma akwai abin da Mama ke dafawa wanda ba ki samunsa sai shekara-shekara. Shi za ki ci, a zaune, a hankali, da jin daɗi, ba tare da neman gafarar kowa ba. Abin da za ki bari shi ne wanda kike iya samu kowace rana a ko'ina, biskit da lemon kwalba da makamantansu. In farantin a hannunki yake, rabinsa kayan lambu, kwata nama ko kifi ko wake, kwata abinci mai sitaci. In ba a hannunki yake ba, ki fara da ganye da nama ki bar mai sitacin ƙarshe, hakan yana rage saurin hawan suga kuma ƙoshi yakan riske ki kafin ki gama. Kayan lambu su ne suka fi ƙaranci a teburin biki, alhali ana son babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini. To ki sa su a cikin tsarabarki, ki yanka wa kowa da kowa a babban tire. Kin kawo alheri gidan, ba wanda zai ce kin ware kanki. Ranar ziyarce-ziyarce kuma ki yanke tun daga gida inda za ki ci sosai, sauran gidajen a taɓa don albarka.

Tunda za ki shiga kicin, ki sa ido kan ragowar abinci. Dafaffen abu kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje ba a sa shi a firji ba, in za a ɗumama kuma a ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje. Gudawar bayan biki sau da yawa daga nan take.

Bayan babban ci kada ki nemi katifa. Ki ja yara ko facala ɗaya ku taka na minti 10 zuwa 15, tsoka mai aiki tana janye suga daga jini. Minti 15 sau biyu a yini ya ishe ki cika minti 150 na mako ba tare da kin kira shi motsa jiki ba. Ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin dare da kwanciya. Hirar dare da dangi tana da daɗi, amma ki ƙoƙarta ki samu barcin awa 7, domin ƙarancin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage mai sanar da ƙoshi, washegari ki tashi zaƙi kawai ranki ke so.

Ƙwayarki kuma ki ƙirga wadda za ta ishe ki har da rarar 'yan kwanaki, ki sa a jakar hannu, ki sha a lokacin da kika saba ko da gidan ya kacame. Kada ki tsallake don kina jin garau. In kina da abin awon jini na gida ki tafi da shi. In kika ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko baki ya karkace, ko wani ɓarin jiki ya yi nauyi, a kai ki asibiti a take, ba a jiran a gama biki.

To mu koma kan randar nan. Ina gaya miki tun yanzu, za ki zame. Wataƙila rana ta huɗu ce, an kawo kek, kin ci yanka ɗaya, ya yi daɗi, kin ƙara, kin kora da lemo. Da dare muryar nan za ta zo ta ce ai an riga an ɓata, sai bayan biki. Amsar da za ki ba ta ita ce: sai abinci na gaba. Gari ya waye ki karya kumallo yadda kika saba, kada ki yi horon yunwa don biyan bashin jiya, horon ne ke jawo zamewa ta biyu. Kada kuma yaranki su ji kina cewa kin yi laifi don kin ci kek, musamman in akwai mace a cikinsu, suna ɗauka fiye da yadda muke zato. Burinki a wannan tafiya ba rage nauyi ba ne. In kin dawo da 82 ko 83, kin ci nasara. Kada ki hau sikeli sai kin kwana 4 ko 5 a gida ruwan ya sauka. Kafin ku tafi ki tanadi abin da za ki dafa a ranar farko da dawowarku, ki kuma karɓi ranar komawa ganin likita a makon da ya biyo baya, don wata 2 na bara kada su samu ƙofar shigowa. Tsarabar kayan zaƙi da za a haɗo ku da ita, ki karɓa hannu biyu ki yi godiya, in kun isa ki raba wa maƙwabta tun ba ta kwana ba.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan Mama ta ɗaure fuska duk da haka. In ta faru, kada ki janye jiki ki koma ɗaki. Ki ƙara matsowa, ki zauna kusa da ita, ki taya ta aiki, ki ja ta da hirar jikokinta. Fushin yini ɗaya na tsohuwa mai kirki abu ne da za ki iya ɗauka, kin ɗauke shi bara ma ba tare da ta san dalili ba. In kuma bayan kun dawo kin ga kwana 10 sun yi miki yawa, ku zauna da maigida cikin natsuwa ku duba ko baɗi za ku yi 6 ko 7, ko ku raba ziyarar biyu, ɗaya a lokacin da ba biki, lokacin da tukunyar Mama take dafa abincin yau da kullum kuma take da sararin zama ta yi hira da ke.